Ma'aunin Horar da Ƙwararrun Likitocin Haƙori da Tantance Wuraren Horo: Nazari daga Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake kafa ma'aunin horar da ƙwararrun likitocin haƙori, da yadda ake tantance asibitin da za a damƙa wa horon, ta kuma ɗauki jihar Maraɗi a matsayin fagen nazari. An kwatanta tsarin ƙasashe masu aiki da Faransanci, inda jami'a da hukumar CAMES ke riƙe da ragama, da tsarin kwalejojin ƙwararru na Najeriya, sannan aka auna su da cututtukan da suka addabi yankin. Matsayar maƙalar ita ce a gina ma'auni a kan aikin da ƙwararre zai iya yi da hannunsa ga majinyatan wurin, kuma a raba mai horarwa da mai tantancewa.

1.0 Gabatarwa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum fiye da miliyan 3.4, wato tana cikin jihohi mafi cunkoso a Nijar. A birnin akwai babban asibitin jiha, da asibitin ƙwararru da ake tura majinyata, da cibiyar kula da uwa da yaro, ga kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai tsangayar kimiyyar lafiya. Ko ba daɗe ko ba jima za a zo kan maganar horar da ƙwararrun haƙori a nan gida, domin tun farkon samun ƴancin kai a waje likitocin haƙoran ƙasar suka riƙa yin karatu: Dakar, Abijan, Bamako, ƙasashen Magrib da wasunsu. Manufar wannan takarda ita ce a tsara tambayoyin da ya kamata a amsa kafin a buɗe ƙofar horon, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kalmomi huɗu za su yi ta dawowa, kuma a bakin jama'a ana cakuɗa su. Ƙwararre a nan shi ne likitan haƙori da ya gama karatunsa na farko, sannan ya ƙara wasu shekaru yana koyon fanni guda a asibiti ƙarƙashin malami. Ma'auni shi ne rubutaccen sharaɗin da za a iya dubawa a ce an cika ko ba a cika ba. Tantancewa hukunci ne a kan wurin horo, shaidar ƙwarewa kuwa hukunci ne a kan mutum. Izinin buɗe ɗakin magani wani abu ne daban, na hukumar da ke rajistar likitoci.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

A Amurka aka fara rubuta dokar wannan fage da gaske. Rahoton William Gies na 1926 shi ya dage cewa a mayar da koyon aikin haƙori cikin jami'a, a ɗora shi a kan kimiyya kamar sauran likitanci. A 1975 aka kafa hukumar CODA, wadda har yau take tantance makarantun haƙori da shirye-shiryen ƙwarewa a can, inda fannonin da aka amince da su suka kai 12. Hukumar likitocin haƙori ta Birtaniya na riƙe da rajistar fannoni 13. Tarayyar Turai ta taƙaita: dokarta ta 2005 kan amincewa da takardun sana'a fanni biyu ta ambata, daidaita jerin haƙora da fiɗar baki, kowanne horon aƙalla shekara uku. Faransa, wadda tsarin Nijar ya fi kusa da nata, tun 2011 take da fanni uku: daidaita haƙora da muƙamuƙi, fiɗar baki, da likitancin baki.

Ta fuskar ra'i, ayyuka biyu ne suka fi tasiri. Avedis Donabedian a 1966 ya kasa ingancin aikin lafiya gida uku: kayan aiki da ma'aikata, yadda ake gudanar da aikin, da abin da aikin ya haifar. George Miller a 1990 ya jera matakan iyawa huɗu, daga sani, zuwa sanin yadda ake yi, zuwa nunawa a gaban mai jarrabawa, zuwa yin aikin a kan majinyaci na gaske. Ƙungiyar ilimin likitanci ta duniya, WFME, ta fitar da ma'aunanta na horon ƙwarewa a 2003, ta kuma sabunta su daga baya.

Duk waɗannan ayyuka sun tashi ne daga ƙasashen da kowace unguwa ke da likitan haƙori na gama-gari, wanda zai tace majinyata ya tura masu wuya gaba. Ƙwararre a can rufin soro ne a kan ginin da ya riga ya tsaya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2022 ya ƙiyasta mutum biliyan 3.5 ke fama da ciwon baki ko haƙori, ya kuma nuna yankin Afirka ne ya fi ƙarancin ma'aikatan wannan fanni. Gibin da ke cikin rubuce-rubucen shi ne rashin bayanin irin ƙwararren da ya dace da wurin da bangon ginin bai tashi ba tukuna.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin takardu da kwatanci. An duba tsarin hukumomin da ke da hannu a horon ƙwarewa a gefe biyu na iyakar Nijar da Najeriya, an kuma ɗauki cututtuka biyu da tarihinsu ke rubuce a yankin, wato illar sinadarin fulor a Tibiri da cutar noma mai cin baki da fuska, a matsayin magwaji. Kason Donabedian shi ne ma'aunin wurin horo, matakan Miller kuma ma'aunin mai koyo.

4.0 Nazari

4.1 Tsari biyu, iyaka ɗaya

Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar kilomita 100 ce ko ƙasa da haka; zuwa Yamai kuwa ta haura 600. Majinyaci ya san wannan lissafi, shi ya sa ake ganin mutanen Maraɗi a asibitocin Katsina da Kano, ana kuma ganin Katsinawa a na Maraɗi. Takardar likita ce ba ta ƙetara iyakar da sauƙi irin na majinyaci.

A ɓangaren Nijar jami'a ce ke ba da shaidar ƙwarewa, difloma da ake kira DES, wadda galibi take ɗaukar shekara huɗu, wasu fannonin fiɗa biyar. Darajar malaman da za su koyar kuma daga CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, take fitowa. A Yamai aka kafa wannan hukuma a 1968, hedkwatarta na Wagadugu, kuma ita ke shirya gasar zama farfesa a fannonin likitanci, har da na haƙori, duk bayan shekara biyu. Tana kuma da shirin amincewa da takardun karatu tsakanin ƙasashe mambobi. Ƙarfin wannan tsari shi ne malami ba ya naɗa kansa. Sai ya tsaya gaban alƙalai daga wasu ƙasashe. Rauninsa shi ne tsangayar da ta horar da ɗalibi ita ce ke jarraba shi, ita ce kuma ke sa hannu a takardarsa.

A Najeriya an ware aikin daga jami'a. Kwalejin ƙasa ta horon likitoci bayan digiri, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro a Ibadan a 1960, kowace na da tsangayar haƙori. Su ke aika tawaga ta duba asibiti, ta ƙidaya malamai da kujerun aiki da majinyata, ta yanke adadin masu koyo da wurin zai iya ɗauka, amincewar kuma ta ɗan lokaci ce, sai an sabunta. Mai koyo na bin jarrabawa hawa uku, ta ƙarshe har da kundin bincike, kuma masu jarraba shi daga wasu asibitoci suke zuwa. Tsarin na da tsada da jinkiri, mutane da yawa kan maƙale a hawa na tsakiya, amma ya raba hannun da ya koyar da hannun da ya auna. Wannan rabuwa ita ce abin aro.

4.2 Ruwan Tibiri

Tibiri, mazaunin sarautar Gobir, ba ta da nisa da Maraɗi. Wanda ya hau kabu-kabu da hantsi zai je ya dawo kafin azahar. Daga tsakiyar shekarun 1980, garin ya sha ruwan famfo daga rijiyar burtsatse da fulor ya yi wa yawa, nesa da ma'aunin OMS na miligiram 1.5 a kowace lita. Shekaru suka shuɗe kafin a gano tushen matsalar. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tabo, ɗaruruwa kuma da ƙafafu a lanƙwashe, wasu da ciwon gaɓoɓi da ya hana su tafiya daidai. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, FIDH, tare da takwararta ta Nijar, ANDDH, suka fitar da rahoto a kan yaran.

Abin da ya shafi wannan takarda shi ne jerin alamun. Fulor na shiga haƙori ne lokacin da yake ginuwa cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas. Da farko wani fari-fari ne kamar an goga alli a saman haƙorin. Idan abin ya yi ƙarfi sai ya koma ruwan ƙasa, fuskar haƙorin ta yi ramuka, gefensa ya riƙa gutsurewa. A ƙasar da ake cin goro, mata kuma suka saba rina haƙora da fure, jan haƙori ba ya ɗaga wa kowa hankali. Amma yaro ɗan shekara bakwai bai ci goron da zai rina masa sababbin haƙoran gaba ba, kuma tabon fulor ba ya fita da asuwaki. Ma'aikacin da aka koya wa duba bakin ƴan aji guda a makarantar firamare, ya ƙidaya masu tabo, ya tambayi wane famfo gidansu ke ɗiba, zai iya ɗaga murya shekaru kafin ƙashi ya lanƙwashe.

Manhajar da aka kwafo daga Turai kai tsaye tana koyar da fulor a matsayin aboki: a sa shi a man goge baki, a shafa shi a haƙoran yara, domin yana hana ruɓewa. Wannan gaskiya ne, har OMS ta sa man goge baki mai fulor cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Sai dai ƙwararren da zai yi aiki a kwarin Gulbin Maraɗi dole ya san fuska ta biyu: yadda ake ɗaukar samfurin ruwa, yadda ake karanta sakamakon awo, yadda ake jera tsananin tabo, da ofishin da ake kai wa rahoto. Yaran Tibiri na wancan lokaci yanzu magidanta ne da matan aure, haƙoransu na nan yadda fulor ya bar su, suna buƙatar gyara da rufi. Ma'aunin da bai ambaci wannan aiki ba, ba na jihar Maraɗi ba ne, ko da tambarin wace hukuma ke kansa.

4.3 Noma da karayar muƙamuƙi

Sunan cutar noma daga Girkanci yake, ba shi da alaƙa da aikin gona, ko da yake ƴaƴan manoma matalauta ta fi kamawa. Takan faɗa wa yara ƴan shekara biyu zuwa shida, musamman masu tamowa ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Jihar Maraɗi ta san tamowa. A nan aka buɗe manyan cibiyoyin jinyar yara lokacin ƙarancin abinci na 2005. OMS ta ce idan ba a yi magani ba, cutar kan kashe har tara cikin goma, kuma a watan Disamba na 2023 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

A ɗauki misalin yarinya ƴar shekara uku daga wani ƙauye na gundumar Jiratawa. Dasashinta ya fara jini, bakinta na wari, ta ƙi cin tuwo. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa, kuma malamin asibiti na ƙaramar cibiyar lafiya, wato CSI, zai iya yi. Bayan ƴan kwanaki kumatu ya kumbura, uwar ta ce iska ce, aka nemi hayaƙi da rubutu. Kafin mako biyu fata ta yi baƙi ta zube. In ta rayu, tabon zai ɗaure muƙamuƙinta har cokali ya kasa shiga, kuma fiɗar gyara za ta buƙaci mai sa barci da ya iya saka bututun numfashi a bakin da ba ya buɗuwa. Tazarar da ke tsakanin matakin farko da na ƙarshe ita ce tazarar da ke tsakanin magani na ƴan jikkuna da fiɗa hawa-hawa. Saboda haka iya koyar da ma'aikatan CSI da na cibiyoyin tamowa su buɗe bakin kowane yaro su duba, aiki ne da za a jarraba ƙwararre a kansa, daidai da yadda za a jarraba shi a kan ɗinki.

Gwanintar wannan fiɗa tana kusa. Ƙungiyar Sentinelles na kula da masu noma a Damagaram tun 1992, asibitin yara masu noma na Sakkwato kuma yana aiki tun 1999. Bayan noma, sai karayar muƙamuƙi da haɗarin babur ke jawowa, da ƙurjin haƙori da ke kumbura wuya har ya toshe numfashi, galibi bayan an sha magani barkatai ko wanzami ya gwada cirewa. Waɗannan su ke cika ɗakin gaggawa.

4.4 Fannin da za a fara da shi

Daga abin da ya gabata, fiɗar baki da muƙamuƙi ce ta farko, sai lafiyar baki ta al'umma, sai haƙoran yara. Daidaita jerin haƙora da dashen haƙori suna da kasuwa a birane, kuma ba laifi ba ne likita ya neme su da kuɗinsa. Kuɗin gwamnati da guraben malamai kaɗan ne, bai kamata su fara daga can ba.

4.5 Tantance wurin horo

Idan aka ce sai asibiti guda ya mallaki komai kafin a amince da shi, abu biyu ne zai faru: ko a hana horon shekaru masu yawa, ko a rufe ido a sa hannu. Mafita ita ce a tantance zagayen horo baki ɗaya. Mai koyo ya yi karayar muƙamuƙi da ƙurji a Maraɗi, gyaran fuska a inda ake fiɗar noma, ciwon daji da nazarin tsoka a Yamai, aikin al'umma a Tibiri da ƙauyukan Madarunfa. Kowane zango a rubuta sunan malamin da ke da alhakinsa, da watannin da za a yi, da ayyukan da za a koya. Misalin yana nan a gundumar Jiratawa: cibiyar Danja, wadda ta soma da jinyar kuturta, ta buɗe sashen fiɗar yoyon fitsari a 2012, ta nuna ƙaramin wuri a karkara zai iya zurfafa a aiki guda har a zo koyo daga nesa.

Tawagar tantancewa takan fara da ƙidayar kujeru da na'urar hoton haƙori, domin su ne masu sauƙin gani. Kujerar da babu ruwa a bututunta, ko tukunyar dafa kayan aiki da ke jiran wuta ta dawo, suna shiga lissafi a takarda alhali ba sa aiki. Don haka a nemi rajistar ɗakin fiɗa ta shekarar da ta wuce, da littafin gyaran na'urori, a kuma zauna da masu koyo su kaɗai ba tare da shugaban sashe ba. Kowane mai koyo ya riƙe littafin aiki, inda za a rubuta kowace fiɗa da matsayinsa a cikinta: ya kalla, ya taimaka, ya yi malami na tsaye, ko ya yi shi kaɗai. Sa hannun malami ya zama na ranar da aka yi aikin. Littafin da aka cika a dare ɗaya gab da jarrabawa ana gane shi daga tawada.

Jarrabawar ƙarshe ta kasance a kan majinyaci, da alƙali aƙalla ɗaya daga wata jami'a, kuma shi ne zai shugabanci zaman. Amincewa da wurin horo ta kasance mai wa'adi, ta kuma faɗi da kanta idan malamin da aka dogara da shi ya bar wurin ba a maye gurbinsa ba. A ƙasar da fanni guda kan rataya a wuyan mutum ɗaya ko biyu, wannan sharaɗi ya fi kowane muhimmanci.

4.6 Takarda a bakin iyaka

Hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma, OOAS, wadda aka kafa a 1987, ta yi shekaru tana daidaita manhajojin likitanci tsakanin masu Faransanci da masu Ingilishi. Reshe ce ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata a watan Janairu na 2025. CAMES da UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta yankin, ba su ƙarƙashin CEDEAO, kuma umarnin UEMOA na 2008 ya ba likitocin haƙori na ƙasashenta damar zama da aiki a junansu. Ke nan hanyar Dakar da Abijan da Bamako a buɗe take. Ta Kano da Sakkwato ce ke buƙatar rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'a da asibiti, wadda za ta faɗi watannin da za a lissafa wa mai koyo da wanda zai sa hannu a littafinsa. Harshe ba zai zama cikas ba a gefen gado, domin majinyacin Sakkwato da na Maraɗi da Hausa suke faɗin inda ke musu ciwo.

5.0 Shawarwari

Ana kira ga ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi su kafa kwamitin tantancewa wanda shugabansa ba ya koyarwa a shirin da ake dubawa, su kuma wallafa ma'aunin kafin a ɗauki ɗalibi na farko. Hukumar rajistar likitocin haƙori ta buɗe rajista ta musamman ga ƙwararru, yadda kalmar da ke kan allon ƙofar ɗakin magani za ta zama abin da za a iya bincika. Kwas na wata uku a ƙetare ba ya mayar da mutum ƙwararre. Tsangayar kimiyyar lafiya ta Maraɗi kuma tana da abin da za ta fara ba tare da jiran kowa ba: ta sa duba bakin yara da gane tabon fulor da matakan noma cikin horon ɗaliban likitanci da take da su yanzu, ta kuma fitar da su zuwa makarantun firamare na Tibiri da cibiyoyin lafiya na Jiratawa a zangon karatu mai zuwa.